Na Je Tsibirin Man Don Kallon Senior TT, Na Dawo Ban Gan Shi Ba

Da safiyar Asabar, 10 ga Yuni 2023, ina tsaye a bayan jirgin ruwan da ya taso daga Douglas, babban birnin tsibirin Man, zuwa Liverpool a Ingila, babur ɗina yana ɗaure a ƙasan jirgin, ina kallon tsibirin Man yana ƙanƙancewa, alhali a wannan ranar ce za a yi Senior TT, babban tseren babura da ake rufe gasar TT da shi, tseren da na shekara uku ina tara kuɗi domin in gan shi da idona. Har yau idan na tuna da wannan safiya sai in ji abu ya tokare min ƙirji, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne babu wanda zan ɗora wa laifi, domin an sanar da canjin ranar tseren tun da wuri, ni ne na ƙi yarda.

A garejin yayana da ke Zariya na tashi, cikin ƙaurin baƙin mai da ƙarar babura, don haka da aiki ya kai ni Ingila ban daɗe ba na faɗa cikin masu bibiyar tseren TT, wanda ake yi tun 1907, kuma tun 1911 a kan hanyar dutsen Snaefell mai tsawon mil 37.73, wato kimanin kilomita 60, ta tsakiyar ƙauyuka da katangun duwatsu da turakun fitila. A wurin aikinmu akwai wani dattijo Bature da ya shafe shekaru da dama yana zuwa kallon gasar, kuma a bakinsa na koyi yawancin abin da na sani, har da ƙin duk wani canji. Lokacin da aka fara maganar sabon jadawalin 2023, wanda ya ƙara yawan tsere daga takwas zuwa goma, ya mayar da rukunin Superstock (manyan baburan da ba a yi wa gyara sosai ba) da na Supertwin (masu inji mai silinda biyu) sau bibbiyu, ya ɗora tseren Superbike (manyan baburan da aka gyara sosai domin tsere) a kan Lahadin da aka saba bar wa jama'ar gari su hau hanyar da baburansu, sannan ya ɗauke Senior daga Juma'a zuwa Asabar, ni da shi muna sahun gaba wajen suka. Hujjarmu ita ce yawan miya ba ya ƙara mata daɗi: idan mahayi yana da dama biyu a kowane rukuni, nasara ta rage daraja, kuma waɗanda suka kafa tarihi a zamanin shahararren mahayin nan Joey Dunlop ba su samu wannan yalwar ba. Masu goyon bayan canjin suna cewa idan tsere ya faɗa a ƙarshen mako biyu, baƙi za su rarrabu, jiragen ruwa da masaukai su samu sarari, mahaya kuma su samu ranakun hutu a tsakani. Mu dai muna ganin neman kuɗi ne kawai.

Kuskurena ya faro ne a bazarar 2022, ranar da na zauna sayen tikiti. Duk wanda ya taɓa zuwa ya san cewa gurbin babur a jirgin ruwa yakan ƙare kusan shekara guda kafin gasar. Dattijon nan ya tabbatar min cewa ƙorafin mutane zai sa a janye maganar Asabar, domin Juma'ar Senior ranar hutu ce a hukumance a tsibirin, kuma ba a taɓa al'ada irin wannan a kwana lafiya. Maganar ta yi daidai da abin da zuciyata take so, sai na sayi tikitin dawowa na safiyar Asabar. Da aka tabbatar da jadawalin kuwa, maimakon in gyara a ranar, sai na shafe makonni ina musu a kan cewa bai kamata a yi haka ba, kamar musun nawa zai mayar da ranar. Sa'ad da na farga na nemi canji, babu gurbin babur ko ɗaya a daren Asabar ko Lahadi, ga shi dole in kasance a wurin aiki ranar Litinin. Na tafi da fatan wani zai fasa tafiya in samu gurbinsa, kuma sau huɗu ina zuwa tashar jirgin a cikin makon ina tambaya, ana ba ni haƙuri.

Makon kansa ya yi kyau, rana ta fito tun daga farko har ƙarshe, abin da ba kasafai ake samu a can ba. Na ga Michael Dunlop ya ci tsere huɗu, jimillar nasarorinsa ta kai 25, saura ɗaya ya kamo kawunsa Joey. Ranar Talata kuma ɗan ƙasar Sifaniya Raul Torras Martinez ya rasu a tseren Supertwin na farko, kuma a daren nan filin da muka kafa tantuna ya yi tsit, har masu musu a kan yawan tsere suka kama bakinsu, domin kowa ya san magana ce da ta shafi rai.

Ranar Juma'a na hau zuwa Creg-ny-Baa, wata kwana a gangaren dutsen inda 'yan kallo ke taruwa, da zuciya a dagule. A lissafina na da, wannan ita ce ranar Senior mai zagaye shida, sai ga shi abin da zan kalla shi ne Superstock na biyu mai zagaye uku, wato ainihin tseren da na shekara ina cewa cikon benci ne. Baburan wannan rukuni kusan irin na kanti ne, gyaran da doka ta yarda a yi musu kaɗan ne idan aka kwatanta da na Superbike. Ina zaune a kan ciyawa da ƙaramar rediyo a kunne lokacin da Peter Hickman ya gangaro daga Kate's Cottage, kwanar da ke sama da mu, a zagaye na ƙarshe a kan BMW, ya taka birki, ya kwanta a kwanar, ya miƙe ya nufi kwanar Brandish. Daga wurin da nake zuwa layin ƙarshe bai wuce mil uku da 'yan kai ba, don haka ba a jima ba mai sharhi ya ɗaga murya: mil 136.358 a sa'a, wato sama da kilomita 219, zagaye ɗaya cikin minti 16 da daƙiƙa 36. Gudun da ba a taɓa yin irinsa a wannan hanya ba, ya karya nasa tarihin na mil 135.452 da ya kafa a 2018, kuma a kan babur na rukunin da nake rainawa. Mutanen da ke kusa da ni suka miƙe suna ihu, ni kuwa tsigar jikina ta tashi, na kasa cewa komai. Da daddare na kira yayana, na ce masa, "Yaya, yau na ga abin da ko a mafarki ban zata ba," ya ce in sake faɗa masa lambar a kilomita, da na faɗa sai ya yi salati.

A wannan tudu ne wani tsoho ɗan tsibirin ya nuna min kwanar Brandish, ya ce kafin a faɗaɗa ta a tsakiyar shekarun 2000 sai mahayi ya rage giya sosai kafin ya shige ta, haka ma Windy Corner da aka gyara mata kwanciya. A ganinsa duk wani tarihin gudu da aka kafa bayan gyaran ba a auna shi da na da. Da a ce a wurin aiki na ji wannan magana da na tafa masa, amma bayan abin da idona ya gani sai na ji ta yi min nauyi. Hanyar ta jama'a ce, motocin haya da na manoma suke binta duk shekara, kuma ba za a bar mummunar kwana domin a kare lissafin masu kallo ba. Haka batun rukunai yake. Har yanzu akwai masu jimamin cire ƙananan baburan nan masu hayaƙi, waɗanda injinsu ke ƙona fetur haɗe da baƙin mai, daga tseren TT na hanyar dutse bayan 2004, kuma ni ma ina kewar kukansu domin da irinsu na tashi, amma kamfanoni sun daina ƙera su, kuma ba a tsere da babur ɗin da babu shi. Da aka buɗe rukunin Supersport, na matsakaitan babura, ga injuna da suka wuce 600cc an yi ta cewa an lalata shi, sai ga Michael Dunlop ya ci shi a kan Ducati a 2025 kuma tseren bai rasa armashinsa ba.

Duk da haka ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba, kuma batun Asabar ne ya tsaya min. A da, idan hazo ko ruwa ya hana tsere ranar Juma'a, akwai Asabar a ajiye. Gaskiya ne cewa ajiyar ba kullum take ceto ba, domin a 2012 an ɗage zuwa Asabar kuma aka soke, amma dai akwai ta. A 2024 yanayi ya sa aka soke Superstock na biyu, aka rage Senior zuwa zagaye huɗu, a 2025 kuma iska ta sa aka soke Senior ɗungurungum. Jadawalin da aka cika maƙil yana da daɗi ne a shekarar da sama ta yi sanyin hali irin 2023, kuma tsibirin da ke tsakiyar tekun Ailan ba ya alkawarin haka.

Ga mai niyyar zuwa, shawarata ita ce ya sayi tikiti bisa abin da masu shirya gasar suka rubuta, ko da yana ƙin sa har zuci, ya sa ranar dawowarsa ta zama Litinin, ya nemi hutun aiki tun kafin ya biya kuɗin jirgi, kuma duk ranar da aka sanar da wani canji ya gyara a ranar, ya bar musu sai bayan ya gama. Kwana ɗaya tak na rasa, amma shi ne kwanan da na je dominsa. Na isa gida da yamma na tarar Hickman ya ci Senior, Dean Harrison na biyu, Dunlop na uku, na kalli maimaicin a waya ina zaune a bakin gado ko takalmi ban cire ba. Dattijon wurin aikinmu, wanda ya sayi nasa tikitin na Litinin kamar yadda ya saba kowace shekara, ya ga tseren da idonsa daga gangaren Bray Hill da ke Douglas, kuma da muka haɗu ya kama hannuna ya ba ni haƙuri, na ce masa babu komai, domin ba shi ya danna min maɓallin biya ba.