Tarihin Rayuwata, Kashi na Sha Ɗaya: Watan da Aka Hana Acaɓa a Kano

A makon jiya na yi alkawarin ci gaba da labarin aurena da uwargida, to amma tun ranar Laraba wata magana ta Baffa, Allah Ya jiƙansa, take ta kai-komo a zuciyata, har na ga ba zan iya wuce ta ba sai na sauke. Ranar da ya tarbe ni a tashar Ƙofar Ruwa cikin 1998, ina rungume da 'yar jakata ta buhu, bai tambaye ni gajiyar hanya ba sai da muka shiga hayis, sa'an nan ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, Kano ba ta korar baƙo, amma ba ta tashi ta ba shi wurin zama." A lokacin na ɗauka irin maganar manya ce da ake amsawa da "to" a wuce, ban san cewa shekara goma sha biyar za ta jira ni ba.

Shekarun da na yi ina acaɓa su ne suka sanar da ni garin nan lungu da saƙo. Da an idar da sallar Asuba nakan tura Jincheng ɗina daga zaure, in tsaya teburin mai shayin bakin layinmu, inda rediyo ke rataye a jikin ƙusa, ana sauraren labarai ana gardama a kan farashin mai da rashin ruwan famfo. Daga nan sai in nufi 'Yankura da Bata, in kwashi masu sammakon buɗe shago a Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, da hantsi kuma in koma wajen masu kai abinci Asibitin Murtala. Na ɗauki buhun wake daga Dawanau, na ɗauki rinannen yadi daga marinar Ƙofar Mata yana ɗigar baba a bayan rigata, na ɗauki ɗaliban Jami'ar Bayero daga Kabuga zuwa sabon mazauni. Idan Sallah ta zo kuwa, da la'asar sakaliya nakan ajiye aiki in ɗora yara uku, ɗaya a kan tanki biyu a baya, mu tafi Ƙofar Kudu kallon Hawan Daushe, washegari mu tare hanyar Hawan Nassarawa, rana ta uku kuma Gidan Zu. Biyu daga cikin yaran nan uku 'ya'yan Yaya ne, babban ɗan Baffa, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin zan dawo kansa.

Tun daga harin bama-baman da aka kai Kano ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012 sana'ar ta fara zama mana ƙarfen ƙafa. An kafa shingaye a manyan tituna, kuma duk wanda ya zo a kan babur dole ya sauka, shi da fasinjansa, ya tura har ya wuce jami'an tsaro. A rana ɗaya sai mutum ya sauka sau goma ko fiye, ga zafin rana, ga fasinja yana ƙorafin an ɓata masa lokaci kamar kai ka kafa shingen. Duk da haka muna samun na cefane, kuma ban taɓa kwana ban ba uwargida abin ɗorawa a wuta ba.

Ranar Asabar 19 ga Janairu 2013 ina tsaye kusa da Ƙofar Nassarawa ina ba wani dattijo canji, sai na ga motoci da babura suna kwararowa a guje, kowa yana salati. Kafin in isa gida labari ya cika gari cewa an buɗe wa ayarin Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero wuta a kusa da Masallacin Murtala, yana dawowa daga saukar karatu. Allah Ya tsare Sarki, amma direbansa da wasu dogarawansa sun rasu suna kare shi. Na ga dattawa suna kuka a bakin masallacin unguwarmu, ni ma na yi, domin tun da na buɗe ido ban san wani sarki ba sai shi, mutumin da yake kan karaga tun 1963. An ce a kan babura maharan suka zo, kuma cikin 'yan kwanaki gwamnati ta sanar da hana goyo a kan babur a cikin birni da kewaye. Ban ga laifin gwamnati ba a lokacin, har gobe kuma ban gani ba, domin rai ya fi sana'a. Sai dai na wayi gari da mata ɗaya, 'ya'ya huɗu, kuɗin haya yana ƙaratowa, ga babur jingine a zaure ba shi da wani amfani.

Mafita ɗaya ce ta rage wa irinmu, wato A Daidaita Sahu. Waɗannan kekuna masu ƙafa uku, masu ruwan ɗorawa, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da su cikin 2005 domin ɗaukar mata, kuma a da mu 'yan acaɓa raina su muke yi saboda rashin sauri. Da aka hana goyo sai suka zama zinariya. Masu kuɗi suka riƙa sayowa suna bayarwa, direba yana kawo balas kullum har ya biya ya mallaka, amma ba a ba ka sai da wanda zai tsaya maka, mai shago ko mai gida da aka sani.

Na yi wanka, na sa rigata ta Juma'a, na tafi shagon Yaya a Kwari. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda nake gaida Baffa, na ce, "Yaya, ba kuɗi na zo nema ba, hannu kawai nake so ka sa mini." Yana lissafi da kalkuleta, bai ɗago ba sai da ya gama, sa'an nan ya ce shi ya yi rantsuwa ba ya tsaya wa kowa, domin zumunci a ƙafa yake, ba a takarda ba. Ya zaro naira ɗari biyar ya miƙo mini, wai in hau mota. Shekara shida ina kai 'ya'yansa makarantar boko da safe, in ɗauko su in kai Islamiyya da yamma, ko kuɗin mai ban taɓa karɓa ba. Na ajiye masa kuɗinsa a kan bandir ɗin shadda, na yi masa sallama, na taka da ƙafa tun daga Kwari har Kurna. A hanyar nan ne maganar Baffa ta faɗo mini, na ce ashe wurin zaman da Kano ba ta tashi ta bayar ba, har a cikin gidansa haka abin yake.

Gwaggo ta sha cewa in bar tada wannan magana tun da Yaya ya zo sunan autana, har ya kawo turmin atamfa. Na karɓa, na yi godiya, muna gaisawa a wurin biki da jana'iza, kuma bara da ciwon sukari ya kwantar da shi ni na riƙa kai shi asibiti a cikin keken nan da ya ƙi sa wa hannu. Ban taɓa goranta masa ba, amma ban manta ba, kuma ba zan rubuta tarihina in tsallake wannan rana don a ji daɗi ba.

Wanda ya tsaya mini shi ne mai shayin bakin layinmu, mutumin Damagaram, wanda babu abin da ya haɗa mu sai kofin shayi da gaisuwar safe. Kwana goma sha ɗaya ya ga ina zuwa ina zama a benci ba na cewa a haɗa mini, sai ya turo mini kofi da rabin burodi ya ce, "Malam, sha, ai ba a bin ɗan unguwa bashin ruwan zafi." Da ya ji abin da ake ciki, ya bar yaronsa a kan tebur, ya kai ni wajen wani Alhaji da yake sayen madara da sukari a wurinsa a Singa, ya ce shi ya yarda a riƙe teburinsa da tukunyarsa idan na gudu. Alhajin ya yi murmushi, ya ce teburin ba zai sayi taya ɗaya ba, amma maganar ta ishe shi. Wata goma sha tara na yi ina kai balas ba fashi, har ranar da aka yi jana'izar Sarki Ado cikin Yuni 2014, da gari ya tsaya cik, daga aljihuna na cika na kai. Baffa ya ce Kano ba ta tashi ta ba baƙo wurin zama, kuma ban ƙaryata shi ba, sai dai wanda ya matsa mini a benci shi ma baƙon ne.

Ranar da na kai kuɗin ƙarshe aka miƙo mini takardun keke, ban wuce gida ba sai da na tsaya a teburinsa. Na ce ya rufe ya zo in zaga da shi gari, domin shekararsa ashirin a Kano bai taɓa hawa Dutsen Dala ba. Muka hau tare da la'asar, yana haki yana dafa kafaɗata, muka tsaya a sama yana nuna hasumiyar Babban Masallaci da Goron Dutse yana tambayata ina Kurna take. Labarin auren kuwa sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.