Garmahon da ya dawo da muryarsa

Yau wani maƙwabci ya kawo garmahon da ya gada wajen mahaifinsa, irin na lantarki mai cin faifan 33 da na 45 (wato yawan juyin faifai a minti ɗaya), yana cewa muryar mawaƙi ta yi nauyi kamar mai jin barci. Da aka ɗaga farantin sai ga bel ɗin roba ya saki, yana manne wa yatsa kamar ƙaro. Bel ɗin ne ke ɗauko juyin ɗan injin ya kai wa faranti, in ya tsufa sai ya riƙa zamewa. Aka goge sandar injin da auduga da ɗan sifirit, aka sa sabon bel mai faɗi ɗaya da tsohon. Amma in na'urar daga Amurka ta zo, ba kullum ne laifin bel ba. Wasu injinan da wuta mai 60Hz suke tafiya (Hz ma'aunin saurin kaɗawar wutar lantarki ne), tamu kuwa 50Hz ce, don haka ko an sa taransifoma, faifan 33 zai koma kusan 28.

Allurar ma ƙurar hunturu ta dunƙule a bakinta. Da burushi mai laushi ake share ta, daga baya zuwa gaba. Nauyin da hannun da ke riƙe da allurar ke ɗora wa faifai galibi giram biyu ne, masu ɗora masa kwabo cinye layin faifai suke yi. Da allurar ta sauka aka ji ɗan ƙaras-ƙaras ɗin nan kafin kalangu ya shigo, sai mutumin ya yi tsit, can ya ce haka ɗakin Baba yake bayan la'asar. Tun ɗazu nake tunanin faya-fayen da ke jibge kwance a ɗakunan kwano, zafi na lanƙwasa su, alhali a tsaye ake jera su.