Hasken GFAP ba ƙidaya ba ne

Duk ɗalibin da ya shigo ɗakin bincikenmu yana son ganin astirosayit, ƙwayoyin nan masu siffar tauraro da ke yi wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa hidima, abu na farko da ake miƙa masa shi ne antibodi (furotin garkuwar jiki da ke manne wa abu guda takamaimai) mai kama furotin GFAP da ke cikin waɗannan ƙwayoyin. Ba shi da wuyar sha'ani. Ka yanka ƙwaƙwalwar ɓera siriri-siriri, kauri maikiron 30 ko 40, ka bar ta ta kwana cikin antibodin a firij, washegari ka zuba antibodi na biyu, wanda ke kama na farkon, mai ɗauke da rini mai ƙyalli. Ka leƙa maikiroskof, sai ga taurari kore shar.

Lawrence Eng ne ya fara ware wannan furotin a 1969, daga tabon da MS, cutar nan mai lalata rigar jijiyoyi, ke bari a ƙwaƙwalwa. Antibodi biyu suka fi fice a hannun mutane: GA5, wanda aka samar a jikin ɓera da furotin lakar alade, da Z0334 na kamfanin Dako, wanda aka samar a jikin zomo da na lakar saniya. In naman ɓera zan rina, na zomon nake ɗauka. Dalili kuwa, antibodi na biyu da ke farautar na ɓera ba ya bambanta wanda ka zuba da wanda ke cikin jinin dabbar tun asali, sai hoton ya cika da jijiyoyin jini, musamman kusa da rauni.

Inda nake yawan ja da mutane shi ne wajen fassara hoton. GFAP zare ne a cikin ƙwayar, manyan rassa kawai yake bi. A 2002 Bushong da abokan aikinsa sun ɗura rini cikin astirosayit ɗaya-ɗaya a yankin ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus, suka ga GFAP yana nuna kusan kashi 15 cikin 100 ne kacal na girman ƙwayar. Kamar kuka ce da rani: gangar jiki da rassa kake gani, ganyen babu. Ga kuma ɓawon ƙwaƙwalwar lafiyayyen ɓera, inda astirosayit suke birjik amma akasarinsu ba sa haskawa sam, don furotin ɗin kaɗan ne a jikinsu.

To da zarar an samu rauni ko kumburi, sai astirosayit su ƙara sarrafa GFAP, rassan su yi kauri, waɗanda da ba a gani su bayyana. Nan ne ɗalibi zai zo min da murna: "Malam, sun ninka!" Nakan ce ya zauna tukuna. Mai yiwuwa su ɗin ne dai na da, haske suka ƙara. In ƙidaya yake so, ya koma ya rina furotin SOX9, wanda ke zama a cibiyar ƙwayar, ɗigo ɗaya ƙwaya ɗaya, ko ya haɗa da ALDH1L1, wani furotin da ake gane astirosayit da shi. In kuma yankansa ya taɓa bangon kogon ruwan ƙwaƙwalwa, ya cire wurin daga lissafi, domin ƙwayoyin asali masu haifar da sababbin jijiyoyi a can su ma suna ɗauke da GFAP.