Kafin a Yanke wa Ma'aunin Hasken Tsohuwar Kyamara Hukunci

Kyamarorin fim da aka ƙera a shekarun 1960 da 1970 suna da ƙarko ta fuskar ƙarfe da sifirin, har ma wasu suna aiki a yau kamar jiya aka fito da su daga kwali, amma ma'aunin hasken da ke cikinsu shi ne ɓangaren da ya fi saurin nuna tsufa. Mutum zai kara ido a tagar leƙe ya ga allura ta kwanta ba ta motsi, ko kuwa tana motsi amma hotunan da aka wanke suna fitowa da duhu, daga nan sai ya ce ma'aunin ya mutu. Abin da na gani a kyamarorin da suka ratsa ta hannuna shi ne, mafi yawan ma'aunan da ake yi wa wannan hukunci suna da sauran rai, matsalar tana wani wuri ne tsakanin batir da ƙwayar da ke jin hasken. Saboda haka nake ganin bincike ya kamata ya fara daga waje ya nufi ciki, kuma kada sukundireba ta taɓa kyamarar sai an san irin kuskuren da ma'aunin yake yi.

Abu na farko shi ne a san irin ƙwayar da ke cikin kyamarar, domin kowace da irin ciwonta. Mafi tsufa ita ce ta seleniyam, wadda ake ganewa da wani gilashi mai ƙuraje-ƙuraje a goshin kyamarar ko a kewayen gilashin ɗaukar hoto, kamar a Olympus Trip 35 da Zenit-E. Ita ba ta buƙatar batir ko kaɗan, hasken da ya sauka a kanta shi take juyawa ya zama wutar da ke motsa allura. Bayanta sai ƙwayar CdS, wadda ba ta samar da wuta, sai dai ta rage ko ta ƙara yawan wutar batir da ke ratsa ta gwargwadon hasken da ta gani. Ita ce a cikin Pentax Spotmatic ta 1964, da Minolta SR-T 101 ta 1966, da Canon FTb ta 1971, da Olympus OM-1 ta 1972. Ta uku ita ce ta silikon, irin ta Canon AE-1 ta 1976, kuma ita ba kasafai take lalacewa ba. Idan irin wannan kyamara ta daina auna haske, galibi laifin na batir ne ko na sauran kayan lantarkin da ke ciki.

Maganar batir ita ce wurin da ya cancanci a daɗe, domin a nan ne mafi yawan ruɗanin yake. An tsara kyamarori da yawa na zamanin CdS a kan batirin zaiba, musamman wanda ake kira PX625, mai ƙarfin bolt 1.35. Falalar wannan batir ita ce ƙarfinsa ba ya sauka a hankali, yana tsayawa a wuri ɗaya kusan duk tsawon rayuwarsa, sannan ya mutu lokaci guda. Wannan ya sa maƙera da yawa ba su ga dalilin saka abin daidaita wuta a cikin kyamara ba, sai suka mai da batirin kansa ya zama mizanin da ake auna komai da shi. Da aka gane illar zaiba ga muhalli da lafiyar mutane, sai aka hana sayar da irin waɗannan batura a ƙasashe da dama, Amurka ta yi dokarta a 1996. Abin da ya maye gurbinsa a kasuwa shi ne batirin alkalin mai siffa iri ɗaya, wanda yake shiga ramin daidai, amma ƙarfinsa bolt 1.5 ne yana sabo, kuma yana raguwa sannu a hankali yayin da ake amfani da shi. Bambancin yana da ƙanƙanta a rubuce, amma a kyamara irin OM-1 ko SR-T 101 ya isa ya sa ma'aunin ya ɗauka haske ya fi yadda yake, sai ya ba da shawarar a rage, hoto kuma ya fito da duhu. Abin da ya fi damuna da batirin alkalin shi ne kuskurensa ba ya tsayawa wuri ɗaya: abin da ya nuna a watan farko daban, abin da zai nuna bayan ya fara rauni daban, don haka ba a iya sabawa da shi a riƙa yi masa gyara a ka.

Akwai hanyoyin fita, kuma kowace da nata sharaɗin. Batirin na'urar taimaka wa ji mai lamba 675, wanda ke aiki da tutiya da iska, yana ba da kusan bolt 1.4 a tsaye, wanda ya yi kusa da na zaiba ƙwarai. Sai dai ya fi ramin ƙanƙanta, dole a yi masa zobe ya riƙe shi, kuma da zarar an ɓare takardar da ke rufe hujojinsa ya fara ƙarewa, ko ana amfani da shi ko ba a yi, cikin 'yan makonni ko watanni. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ƙaramin gidan batir da ake kira MR-9, wanda ake saka batirin azurfa mai bolt 1.55 a cikinsa, shi kuma ya rage ƙarfin zuwa kusan 1.35. Masu gyara kuma suna iya liƙa dayod, wani ɗan abin lantarki da ke rage ƙarfin wuta kaɗan, a kan wayar batir a cikin kyamarar, ya yi wannan aikin na dindindin. Ya kamata a sani cewa ba kowace kyamara ce ke da wannan damuwa ba. Tsarin wayoyin Spotmatic ya sa ɗan bambancin ƙarfin batir ba ya shafar awonta, ita kuwa Pentax K1000 tun asali a kan batir irin SR44 aka gina ta.

Idan an saka batirin da ya dace amma allura ba ta ko girgiza ba, sai a koma ga ramin batirin kansa da fitila mai haske. Da farko a gwada batirin da mita irin ta masu gyaran rediyo, domin sabon batir ma yana iya zuwa a mace, sannan a tabbata an saka shi ta fuskar da ta dace. Wasu kyamarori suna da nasu gwajin: a ƙasan SR-T 101 akwai makunni mai alamar BC, idan an juya shi can allura za ta tsaya a kan wata alama a tagar leƙe muddin batirin yana da rai. Farin gari da ake gani a ramin yawanci ruwan batirin alkalin ne da ya tsiyaye ya bushe. Ana goge shi da tsinken auduga da aka ɗan jiƙa da ruwan khal, a bi da sifirit, a bar shi ya bushe sarai. Murfin ramin da zaren da yake ɗauruwa a kai su ma hanyar wuta ce a kyamarori da yawa, don haka su ma a goge su.

Wani lokaci ramin yana sheƙi amma cutar tana bayansa. Na taɓa buɗe farantin ƙasan wata kyamara ta farkon shekarun 1970 wadda raminta yake fes, babu ko ɗigon tsatsa, sai na tarar da siririyar wayar da ta tashi daga harshen batir tana nan a wurinta, robarta lafiya lau. Da na ɗan taɓa ta da bakin hantsaki sai ta rabu da dalmar da ke riƙe da ita ba tare da wani ja ba, kuma da na fere robar sai na ga tagullar ciki ta koma baƙa-baƙa da kore-kore, tana marmashewa tsakanin yatsu. Tiririn batir ne ya bi cikin robar tsawon shekaru yana cin wayar. Irin wannan waya ba ta karɓar dalma, dole a sauya ta ɗungurungum har zuwa inda tagulla mai tsabta take. Cire farantin ƙasa aiki ne da mai haƙuri zai iya, amma a kula cewa sukurorin kyamarorin Japan na tsarin JIS ne, sukundireba ta Phillips tana iya cinye kansu.

Ma'aunin da ke motsi amma yana faɗin abin da ba daidai ba ya fi wanda ya yi shiru haɗari, domin mutum yana dogara da shi har fim ya ƙare. A nan ne ake buƙatar gwaji mai tsari. A sami wani abin kwatance da aka amince da shi, ko ma'aunin hannu, ko kyamarar dijital, ko manhajar waya idan babu waɗancan, a daidaita su a kan lambar ASA ɗaya, wato lambar da ke nuna saurin jin hasken fim, a nufi bango mai launi ɗaya wanda haske ya bazu a kansa daidai, ya cika tagar leƙe gaba ɗaya. A yi wannan a hasken rana mai ƙarfi, a sake yi a inuwa, a sake yi a cikin ɗaki, kuma a rubuta sakamakon a takarda. A kara ido sosai a tagar, domin hasken da ke shiga ta baya yana iya kaiwa ga ƙwayar ya ɓata awon. A kuma ba ƙwayar CdS ɗan lokaci idan an fito da ita daga rana zuwa duhu, saboda tana jinkirin mantawa da hasken da ta gani. Idan babu abin kwatance kwata-kwata, tsohuwar ƙa'idar masu hoto tana nan: a rana tarwai, abu mai matsakaicin launi da rana ke haskawa ta gaba yana buƙatar a sa ƙofar hasken gilashi a kan alamar f/16, da saurin shata (labulen da ke buɗewa ya rufe don haske ya kai ga fim) da ya yi kusa da lambar fim, wato 1/125 na daƙiƙa ga fim mai ASA 100.

Takardar nan ita ce za ta nuna inda za a dosa. Idan kuskuren iri ɗaya ne a duk wuraren uku, misali mataki ɗaya (wato ninki ko rabin hasken da ya dace) a kowane haske, to babu buƙatar buɗe komai. Idan ma'aunin yana sa hoto ya yi duhu da mataki ɗaya, sai a saka fim mai ASA 400 a gaya wa kyamarar 200 ne, magana ta ƙare. Idan kuwa ya yi daidai a ɗaki amma ya kauce a rana, ko akasin haka, to a sake zargin ƙarfin batir tukuna, in an wanke shi daga zargi sai a koma ga ƙwayar, wadda ta yiwu ta tsufa ko gam ɗin da ya manne ta a jikin firizim, wato gilashin da ke kai hoto ga tagar leƙe, ya saki ko ya dushe. Wannan ba ya gyaruwa da juya lambar ASA.

Allurar da ke tsalle-tsalle yayin da ake juya zoben ƙofar haske ko na saurin shata tana nuna datti ko zaizayewa a kan zoben rizista (mai rage gudun wuta) da wani ɗan harshen ƙarfe ke gogawa a ciki, abin da aka san kyamarorin Nikkormat na kamfanin Nikon da shi. Juya zoben gaba da baya sau da yawa yana iya share dattin idan bai yi nisa ba. A Nikkormat FTN kuma akwai abin da sababbin masu ita suke mantawa: bayan an ɗaura gilashi dole a juya zoben ƙofar haske zuwa ƙarshensa na ɗaya gefen sannan zuwa ɗayan, don kyamarar ta san iyakar buɗewar gilashin, in ba haka ba awon zai kauce alhali babu abin da ya lalace. Allurar da ta maƙale wuri ɗaya kuwa, sau da yawa tsohon soson da ke tare ta ne ya narke ya zama danƙo, ko wani ɓurɓushin ƙarfe ya manne a maganaɗisun da take juyawa a ciki. Idan an ɗan ƙwanƙwasa jikin kyamarar da yatsa ta saki, to ƙwayar da wayoyin suna lafiya, aikin na tsaftacewa ne.

Ƙwayar seleniyam ba ta da dogon bayani. Danshi da daɗewa a haske suna raunana ta, kuma idan ta mutu da gaske sai dai a sauya ta, amma kafin a kai ga haka a duba inda take haɗuwa da wayoyinta, domin tsatsa a wurin tana kama da mutuwa. Trip 35 tana da gwaji mai sauƙi: a juya zoben ƙofar haske zuwa alamar A, a rufe gaban gilashin da tafin hannu, a danna maɓallin ɗaukar hoto. Idan jar tuta ta taso a tagar leƙe shata kuma ta ƙi tashi, sannan ta tashi da aka nufi haske, to ƙwayar tana aiki. Wadda ke da rai a riƙa ajiye ta da murfi, a wuri busasshe.

Abin da nake roƙon kowa ya guje wa shi ne ƙananan rizistocin daidaitawa da ke ƙarƙashin murfin sama ko farantin ƙasa, waɗanda ake juyawa da bakin sukundireba. Suna da jan hankali, domin juyi kaɗan yana kai allura inda ake so. Amma a kyamarori da yawa sun fi ɗaya, kuma suna shafar juna, wanda ya gyara awon rana yana iya ɓata na ɗaki, kuma idan asalin matsalar waya ce mai tsatsa ko batir mara dacewa, an rufe ciwo ne an kuma ɓatar da saitin da ya zo daga masana'anta. Mai gyara yana yin wannan aiki ne a gaban fitila mai sanannen ƙarfin haske, mataki bayan mataki, kuma shi ya dace a kai wa kyamarar idan bincike ya nuna ƙwayar ce ko zoben rizista, tare da takardar gwajin da aka rubuta, wadda za ta rage masa lalube.

Kafin lokacin, kyamara irin OM-1 ko K1000 ko FTb ba ta tsaya aiki ba, tunda shatarta ta sifirin ce, batirin na ma'auni ne kawai, saɓanin AE-1 wadda ba ta ɗaukar hoto idan babu batirinta mai bolt 6. Ana iya ci gaba da ɗauka da ma'aunin hannu, kuma fim ɗin nagatif yana jure ƙarin haske na mataki ɗaya ko biyu fiye da yadda yake jure ƙarancinsa, don haka idan ana shakka a karkata ga ƙari. Fim ɗin silaid, wanda hoto ke fitowa a jikinsa da launinsa na ainihi, ba shi da wannan sassauci, rabin mataki ma yana bayyana a jikinsa, shi ya sa bai kamata a saka shi a kyamarar da aka gyara ba sai an fara gwada ta da nagatif, an ɗauki kowane hoto yadda ma'aunin ya ce, da mataki ɗaya sama, da mataki ɗaya ƙasa, an kuma duba fim ɗin kansa a gaban haske, domin injin buga hoto yana ɓoye kuskuren awo.