Ƙas-ƙas-ƙas a bakin Babbar Kasuwa

Jiya bayan la'asar na murɗa makulli a bakin Babbar Kasuwar Maraɗi, mota ta ƙi tashi, sai ƙas-ƙas-ƙas. Gabana ya faɗi, na ɗauka demarer, na'urar da ke tada inji, ya lalace, ga aljihu ba nauyi.

Na kira makanikena. Da ya zo ya ce: "Alhaji, kunna fitila, ka sake murɗawa." Fitilar ta dushe. Ya ce in ƙarar na maimaituwa da sauri, wuta ce ba ta isa. Demarer in ya lalace kan yi ƙas guda.

Ya gwada batir, ƙarfin wutarsa bolt 12.6, lafiya lau. Ashe kan batir ɗin ne ya yi farar tsatsa ya saki. Ya kankare, ya ɗaure da sufana. Murɗa ɗaya ta tashi. Alhamdu lillahi.