Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Mai Bin Doki

A makon jiya na tsaya a inda Baffa ya karɓe sakamakon jarrabawata ya jefa a durowar shago, ya ce tunda Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, bokon ya isa haka. Wasu sun aiko cewa na matsa wa dattijo. Ban matsa masa ba. Yana nan da ransa a Ƙofar Ƙaura, kuma in ƙarya na yi masa, masu kai masa labari sun fi kowa bin wannan rubutu.

Magana guda yake da ita a kaina, ya yi ta maimaita ta har yaran gidan suka haddace: "Mai bin doki ƙura yake sha, mai hawa ake yi wa jinjina." Ranar da ya fara faɗa mani ita, ƙaramar Sallar 2008 ce, Sallar farko bayan rasuwar Sarki Muhammadu Kabir Usman. Na dawo daga Ƙofar Soro buɗu-buɗu har gira, sabuwar shaddar da shi ya yanka mani ta koma ja. Ya dube ni sama da ƙasa a gaban baƙinsa ya saki maganar, aka yi dariya. Ni kuwa ba kallon mahaya na je ba. Wani akawal na bi tun daga filin Kangiwa, don na lura yana ɗingisa ƙafar gaba ta hagu, mahayin kuma ko a jikinsa, sai ƙara masa ƙaimi yake yi.

A Katsina son doki ba abin kunya ba ne. Garin da ake buga folo tun zamanin Sarki Dikko, garin Usman Nagogo da har gobe ake ba da labarin sandarsa a fili. Sai dai a gidanmu son da aka sani shi ne ka yi kuɗi ka ɗaure naka a turke. A ce ɗan gidan 'yan yadi yana kwashe kashin doki a bargar wani, wannan a wajen Baffa zubar da mutuncin zuri'a ne.

Bargar ta wani attajiri ce a bayan layinmu, amma mai ita na gaskiya tsohon da ke kula da ita ne, wanda kowa ke ce wa Baba. Bai yi boko ba. A hannunsa na koyi ɗaura majayi yadda ba zai ci wa doki fata ba, da jiƙa dusa da 'yar kanwa, da karkaɗe harawa kafin a zuba, saboda yashi. Yakan ce rabin dawakan da ke mutuwa a garin nan yashi ne da ƙishirwa suka kashe su, masu su kuma su ce sammu ne.

Wani dare da hunturu ya aiko yaro ya buga mani taga. Wata goɗiya ce ciki ya murɗe mata. Na tarar tana tonon ƙasa da kofato, tana waiwayen cikinta, gumi na tsatsafo mata duk sanyin nan. Baba ya miƙo mani ragama ya ce, "Ɗana, ja ta ku yi ta zagaye, kar ka bari ta yi birgima." Shi kuma lokaci-lokaci sai ya tsayar da mu, ya manna kunne a kwiɓinta, ya yi shiru. Ya ce cikin doki mai lafiya ba ya rabo da ƙugi, in ka ji tsit to ka ji tsoro. Can wajen asuba likitan dabbobi ya iso a kan babur, ya zura mata roba ta hanci har ciki, ya ɗura ruwa da mai, ya yi mata allura. A bakinsa na fara jin cewa doki ba ya iya amai, shi ya sa abin da zai ba akuya wahalar yini ɗaya yake kai doki ƙasa. Kafin hantsi goɗiyar ta yi kashi, Baba ya ɗaga hannu yana hamdala. Na bi likitan har bakin babur na ce, "Ranka ya daɗe, ina ake koyon wannan?" Ya ce Zariya, shekara shida, in kuma ban samu ba akwai kwaleji a Vom, kusa da Jos, inda ake yin alluran rigakafin dabbobi.

Da safen nan na makara buɗe shago. Kun san abin da Baffa ya ce.

Shekarun da na yi a Babbar Kasuwa ina auna yadi ba ni da abin faɗa a kansu. Na iya ciniki, ban taɓa cin kwabonsa ba, shi ma shaida ne. Zariya kuwa ban samu ba, makina bai kai ba, don wanda ya wuni yana ninke atamfa ba ya gogayya da 'yan lesin.

Bari in tsallaka gaba kaɗan, don abin yana cina. Shekarar da aka rufe boda, 2019, kasuwar yadi ta yi sanyi, masu zuwa sari daga Maraɗi ta Jibiya suka ɗauke ƙafa. Baffa ya kwashi jari ya je karar Mai'aduwa ya sayo bijimai zai yi kiwo. Ba a yi mako biyu ba suka fara dalalar da miyau, baki ya yi ƙuraje, kofato ya tsage, suka ƙi cin abinci. Boru ne, ya shigo da shi daga kara, ya haɗa sababbi da tsofaffin shanun gida ba tare da ya ware su ba. Bai kira ni ba. Yaya Babba ya turo, wai in zo in "duba wani abu". Na je, na ware marasa lafiyar, na wanke masu baki da kofato, na yi masu allurar da za ta hana miki ruɓewa, na ce a riƙa dama masu dusa ruwa-ruwa. Yana tsaye a bakin garke da carbi yana kallona cikin taki har idon sawu. Na jira in ji ko zai tuna da mai shan ƙura. Abin da ya ce kawai, "Nawa ne maganin?" Na ce a bar shi, Baffa. Har yau bai ƙara ko kalma a kai ba, amma na ji a wajen ɗaurin auren Ummi yana gaya wa mutane wai shi ya tura ni karatu.

Ba shi ya tura ni ba. Inna ce. Ita ta sa Yaya ya ɗauko takardar daga durowa ranar wata Juma'a ana masallaci. Ita ta sayar da awakinta har da mai cikin, ta kwashi adashinta, ta ƙulle kuɗin a bakin zane ta ce, "Auta, tafi ka koyo abinka, in ya yi faɗa ni zai yi wa." Kuma ya yi. Ya daina shiga sashenta gaisuwar safe har aka ga watan azumi, matar ɗan'uwansa da ta goya masa 'ya'ya biyu. Wannan ne ban yafe ba tukuna, ba maganar ƙura ba, ko da yake ita ma ina jin ta duk ranar da na tsuguna ƙarƙashin doki.

Baba na barga ya ba ni tsohon bargonsa, ya ce an gaya masa sanyin Vom ba irin namu ba ne. Na raina maganar, ɗan Katsina da ya saba da hunturu. Yadda na kwana a tashar Jos da kuɗin makaranta a cikin safa, da mutumin Daura da ya karɓe ni a ɗakinsa ba tare da ya san ni ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.