Hannuna yana nuna 90, ƙafata tana nuna 190

Ga yawancin mutane, ɗaura robar awon jini a hannu ɗaya ya wadatar. Ga mu masu cutar Takayasu kuwa, cutar da ke tsuke manyan jijiyoyin jini, wannan awon yana iya kwantar wa mutum da hankali har ya kai shi ga shanyewar ɓarin jiki. Ni saura ƙiris ya kai ni, kuma har yau abin yana ci min rai.

Ba zan tsaya kan shekarun kasala da zazzaɓin dare da ciwon gaɓoɓi ba, duk mai wannan cuta ta san su. An yi min maganin maleriya da taifot har na gaji da haɗiyar ƙwaya. Hannuna na hagu yakan mutu idan ina wanki ko kitso, sai na sauke shi ya huta sannan na ci gaba. Abin da nake son magana a kai shi ne lambar da ake rubuta min duk inda na je: 90 bisa 60, wani lokacin ma ƙasa da haka. A kemis, a ƙaramin asibitin unguwa, a wajen awon ma'aikata, magana ɗaya ce: "Malama, jininki ya yi ƙasa, ki ƙara gishiri a abinci, ki sha maganin ƙarin jini." Kusan kullum a hannun hagu ake awon, don shi ne yake kusa da teburin mai aunawa. Inna ta ɗauki maganar da gaske. Ta dage min da miya mai gishiri da dunƙule, ga kunun kanwa duk safiya idan na je gida, tana cewa "Sha ki samu ƙarfi, 'yar nan." Da zuciya ɗaya ta yi, abin da masu farar riga suka faɗa ta bi.

Ashe a duk tsawon lokacin nan hawan jini nake da shi, mai tsanani ma.

Cutar tana kumbura bangon babbar jijiyar da ke fita daga zuciya da manyan rassanta, bangon ya yi kauri, hanyar jini ta tsuke. Kamar tiyon ruwa ne da aka taka da ƙafa: a gaban ƙafar ruwa ɗis-ɗis yake fita, a bayanta kuwa tiyon kamar ya fashe. Robar awo a hannuna tana gaban wurin da ya tsuke, don haka ɗan jinin da ya samu wucewa take aunawa. Zuciyata da ƙwaƙwalwata kuma suna can inda matsin yake. Ga shi jijiyar da ke kai jini ƙodata ɗaya ita ma ta tsuke. Ƙoda idan ta ji jini ya yi mata kaɗan sai ta saki sinadarin renin, wanda ke ɗaga matsin jini a jiki gaba ɗaya. A kan wannan ne ake ce min in ƙara gishiri.

Abin ya fito fili wata safiya ina haɗa shayi. Idona na hagu ya yi duhu, kofi ya suɓuce daga hannuna na dama, na buɗe baki in kira maigidana harshe ya ƙi. Kafin rabin awa komai ya dawo daidai. Maƙwabta suka ce iska ce, a yi tofi a shafa. Yayata ce ta kafe: "Za a yi tofin, amma yau ɗin nan sai likita ya gan ta." Allah Ya saka mata da alheri.

A asibitin koyarwa wani matashin likita ya kama tsintsiyar hannuna na hagu yana neman bugun jini, ya daɗe bai samu ba. Ya auna hagu, ya auna dama, ya ga tazara. Ya ɗora abin sauraro a wuyana ya yi shiru, daga baya ya ce yana jin hucin jini yana kutsawa ta ƙuntatacciyar hanya. Sai ya sa na kwanta rub da ciki, ya nemo babbar roba ya ɗaura a cinyata. Lambar sama ta kai 190.

"Hajiya, tun yaushe ake auna miki a hannun nan?"

"Tun ina budurwa, likita."

"To daga yau kada ki sake yarda da abin da ya nuna. Har na daman ma ba shi da tabbas."

Hoton jijiyoyi da aka ɗauka da na'urar CT ya tabbatar da zarginsa: jijiyar hannun hagu ta kusa toshewa, ta daman ta fara tsukewa, ta wuya a ɓangaren hagu ma haka, ga ta ƙoda. Amma hoton zuciya ne ya sa ni kuka. Naman zuciyata ya yi kauri saboda shekarun da ta yi tana turo jini da ƙyar, kuma bawul ɗin da ke bakin babbar jijiya, wato ƙofar da ke hana jini komawa zuciya, ya fara yoyo kaɗan. Cutar ƙaddara ce, na karɓa. Kaurin zuciyar nan kuwa da an iya rage shi, da wani ya miƙa hannu ya auna ɗaya ɓangaren.

Abin da ke ƙara min takaici shi ne wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1908 wani likitan ido a Japan, Mikito Takayasu, ya kawo wa taron likitoci labarin wata budurwa 'yar shekara 21 da jijiyoyin cikin idonta suka sauya kama. A wannan taron wasu likitoci biyu, Onishi da Kagoshima, suka ce sun ga irin haka a marasa lafiyar da ba a jin bugun jini a tsintsiyar hannunsu. Da yatsa suka gane, ba da na'ura ba. A ƙa'idojin gane cutar da ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta fitar a 1990, cikin alamomi shida akwai tazarar da ta haura 10 tsakanin awon hannaye biyu, da raunin bugun jini a hannu, da fara ciwo kafin a wuce shekara 40. Duk ukun ina da su tun da daɗewa, kuma babu wadda ke buƙatar kuɗi kafin a gano ta.

Na san cutar ba ta da yawa, likita zai iya yin shekaru bai haɗu da ita ba. Amma mafi yawan masu ita 'yan mata ne da matan aure masu ƙuruciya, daidai mutanen da ba wanda ke zargin zuciyarsu. Rahotannin likitoci suna nuna tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na masu cutar kan samu shanyewar ɓarin jiki ko ɗan gargaɗinta irin wanda na samu. Zuciya kuma ta hanyoyi da dama abin ke isa gare ta: hawan jini, yoyon bawul, tsukewar bakin jijiyoyin da ke ciyar da ita kanta, da taruwar kitse a jijiya tun da ƙuruciya saboda daɗewar kumburi. Shi ya sa nake gaya wa 'yan'uwana masu wannan ciwo, nauyin ƙirji ko haki wajen hawa bene ba abin da za a jingina wa olsa ba ne a wuce.

Magani ya karɓe ni, alhamdulillahi. Prednisolone aka fara da shi ana ragewa a hankali, da methotrexate sau ɗaya a mako, duka don kwantar da kumburin, bayan an duba ni an tabbatar ba ni da tarin fuka. Prednisolone ɗin ya kumbura min fuska, kuma shi ma yana ɗaga hawan jini da suga, amma ba a yanke shi rana ɗaya. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne gwajin jini na ESR da CRP, masu nuna kumburi a jiki, suna iya fitowa lafiya ƙalau alhali cutar tana ci gaba da aikinta a bangon jijiya, don haka ba su maye gurbin hoto.

Maganin hawan jinin ma ba na saye a kemis ba ne. Likitan zuciya ya yi min bayani cewa irin su lisinopril suna iya cutar da ƙoda idan jijiyoyin ƙoda biyun duk sun tsuke, kuma idan aka sauke matsin jini da yawa ga mai tsukakkiyar jijiyar wuya, ƙwaƙwalwa ce za ta rasa jini. Tsakanin waɗannan biyun ake lallaɓawa, kuma ba a iya lallaɓawa da lambar ƙarya. Asfirin da nake sha saboda jijiyar wuyata aka ba ni, ba kowace mai cutar ake ba ba. Na sayi na'urar awo ta gida, likita ya nuna min yadda zan ɗaura a ƙafa ina kwance, ina rubutawa a littafi. Sai dai wadda tsukewar ta taɓa jijiyar da ke gangarawa ƙafafu, ita ma ƙafar ba za ta ba ta gaskiya ba. Likitan da ya ga hotonki ne zai ce ga gaɓar da za a dogara da ita. Ki sa ya rubuta a katinki da manyan baƙaƙe.

Wannan rubutun ya fi muhimmanci ga mai neman haihuwa. Methotrexate yana ɓarar da ciki ko ya nakasa jariri, dole a sauya shi tun kafin a ɗauki cikin. A wajen awon ciki kuma, inda mata suke layi ana sauri, awon hannu ɗaya zai iya ɓoye hawan jinin da ke kai mace ga jijjiga. Duk lokacin da na tuna abin da zai faru da a ce na samu ciki a shekarun da ake ce min jinina ya yi ƙasa, sai jikina ya yi sanyi.

Na zaunar da maigidana da Yaya na gaya musu: idan suka ga bakina ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ido ɗaya ya rufe, mota za a nema nan take, ko da abin ya wuce cikin minti biyar. Allurar narkar da gudan jini galibi tana da iyakar awa huɗu da rabi daga fara alamar, kuma sai an ɗauki hoton kai kafin a yanke shawarar yin ta. Tofin da Inna za ta yi, ta yi shi a cikin mota muna tafiya.